Sakin Layi Na Tara

Ni ce mai buga takardu a ofishin ma'aji, nan Daura.
Shekara goma sha tara kujerata na kallon taga,
tagar na kallon darbejiya,
darbejiyar na kallon masu jiran albashi.

Ran Litinin Malam Haladu ya buɗe kabad,
ya zaro fayil ɗin da gara ta yi wa aski,
ya ce: Sahura, ga ƙa'idar juya kuɗin gari.
An rubuta ta tun kwabo na da daraja.
Tun sannan dukiyarmu ke kwance a asusu guda
kamar ragon da aka manta a turke,
ba a sace shi ba, ba a yanka shi ba,
ramewa kawai yake yi.
Abin da dā zai gina aji shida
bana rufin biyu ya gagare shi.

Kwana uku kwamiti na zama.
Goro ya ƙare, an aiko da wani.
Wannan ya ce a sayi takardun lamunin gwamnati,
riba kaɗan, barci har da munshari.
Wancan ya ce a gina rumfuna a hanyar Kwangwalam.
Kansila Sallau ya gyara hula,
ya ce ya san wani kamfani
da ke ninka kuɗi kafin a cire amfanin gona.
Malam Haladu bai ɗago daga lissafinsa ba.
Ya ce: banza ba ta kai zomo kasuwa.
Kamfanin na surukinka ne, ko na ƙanen matarka?

Aka yi dariya, ban da mutum ɗaya.

Sai aka turo mini rubutun hannu in fayyace.
Kada a zuba fiye da rubu'i a wuri guda.
Kuɗin albashi da na maganin asibiti ba sa fita kiwo.
Wanda ɗan'uwansa ke da hannu a ciniki ya bar ɗakin.
Sannan na tara:
dole ne duk wata uku
a manna lissafi a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa.

Bayan la'asar, ofis ya watse,
sai ga Sallau da ƙunshin kilishi.
Hajiya, sannu da aiki.
Wannan dolen ta yi nauyi.
Ki sa ana iya. Kalma biyu ce, wa zai lura?

Na dubi allon kwamfuta.
Na tuna Inna Tasalla, yayar mahaifiyata,
mai daddawa da kuka a layin 'yan kayan miya.
Duk ran kasuwa, kafin ta sayar da ƙwallo ɗaya,
naira hamsin ta haraji ta riga ta fita daga lalitarta.
Ba ta karatu,
amma rasit ɗin na nan a gwangwanin madara,
ɗaure da zaren buhu, shekara bisa shekara.
Takan ce: ajiya na ba su, ba kyauta ba.

Na ce: ranka ya daɗe, na riga na buga.
Ban buga ba.
Sai da takunsa ya ɓace
na danna, injin ya yi tarinsa, ya tofo shafi.
Kilishin na bar wa mai gadi.

Yau wata uku ke nan da kwana biyu.
Takarda na jikin bango,
akuya ta riga ta ɗanɗana kusurwa ɗaya.
Ribar ba ta taka kara ta karya ba,
kuɗin gyaran famfo huɗu ne a Mazoji, da ɗan canji.
Inna ta jawo jikanta, ya karanta mata, yana cin tuntuɓe a miliyoyi.
Ta saurara har ƙarshe, ta gyara ɗaurin zane,
ta sa yatsa a kan lambobin, ta ce:
To, nuna mini inda hamsin ɗina take.